Kada ku tura wa maigida da'irar Google Forms yadda take

Salamu alaikum 'yan'uwa na Makka da Jidda, musamman masu hidimar alhazai da 'yan Umara.

In kun ji ra'ayin baƙinku kan masauki ko abinci ta Google Forms (fom ɗin tambayoyi na intanet), kada ku ɗauki hoton da'irar nan mai launi-launi da yake nuna sakamakon amsoshi da ita ku tura wa maigida.
Ku buɗe amsoshin a Google Sheets (manhajar jadawali da lissafi), ku mayar da su zanen sanduna a kwance, mafi tsayi a sama.
A ƙasa ku rubuta mutum nawa suka amsa.

Ido ya fi saurin gane tsayi da gajarta fiye da faɗin yankan da'ira. Na ga maigidanmu yana ware hoton da yatsu biyu a waya, yana neman wane launi ne "nisa da Harami", wane ne "jinkirin abinci". Da ya gaji ya ce, "Malam, faɗa mini da baki." Wallahi na ji zafin wahalar da muka sha wajen tattara amsoshin.

Adadin waɗanda suka amsa kuma kada ku raina shi. In mutum 20 kuka tambaya, mutum 1 kaɗai kashi 5 cikin 100 ne. Kar a sauya mai girki saboda bakin mutum biyu.

Amma tambayar maki, 1 zuwa 5, ku bar ta a jerenta, kada ku jera ta bisa tsayi.
In ana iya zaɓar amsa fiye da ɗaya, jimillar kason za ta iya wuce kashi 100. Ku rubuta hakan a ƙasan zanen tun kafin a ce lissafinku ya kwance.