Yadda ake lissafin yiwuwar ciro goro biyu a jere

Ɗalibai masu shirin WAEC sun yi ta tambayata wannan, to ga shi. A ƙwarya akwai goro 5: fari 3, ja 2. An ciro biyu, ba a mayar da na farko ba. Mene ne yiwuwar duka biyun farare ne?

1. Rubuta yiwuwar na farko ya zama fari: 3/5.
2. Cire farin goron da aka ciro daga lissafi. Saura goro 4, farare 2.
Hattara: nan ake faɗuwa, a manta an cire ɗaya, a sake rubuta 5 a ƙasa maimakon 4.
3. Rubuta yiwuwar na biyu: 2/4.
4. Ninka su: 3/5 × 2/4 = 6/20.
5. Rage: 3/10.

In an ce an mayar da na farkon, tsallake mataki na 2: 3/5 × 3/5 = 9/25.