Yadda za ki auna haɗarinki na kamuwa da sankarar mama mai saurin yaɗuwa

Sankarar mama ba iri ɗaya ba ce. Akwai wadda likitoci ke kira tiriful-negetib, domin in an gwada ƙwayoyinta ba a samun abubuwa ukun da magunguna suka saba kamawa: makamar sinadarin istirojin, makamar furojestaron (su biyun sinadaran jikin mace ne), da furotin HER2. Shi ya sa magunguna irin su tamoksifen da Herceptin ba sa yi mata komai. Tana girma da sauri. A duniya kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na masu sankarar mama ita suke da ita, amma binciken Farfesa Olufunmilayo Olopade da abokan aikinta a kan matan Najeriya da Senegal ya nuna kason ya fi haka a yankinmu.

Ki fara da gida. Ki zauna da mahaifiyarki ko gwaggonki, ki tambaye su dalla-dalla: wa ya taɓa yin ciwon daji a dangi, a ina ya fito, tana da shekara nawa? Kada ki tsaya a dangin uwa. Gurɓatacciyar ƙwayar gado da ake kira BRCA1 tana bi ta wajen uba kamar yadda take bi ta wajen uwa, kuma duk wanda ke ɗauke da ita, rabi da rabi ne ya ba ɗansa ko 'yarsa. Fiye da rabin matan da suka gaje ta suna kamuwa da sankarar mama a rayuwarsu, kuma yawancinsu wannan nau'in mai tsanani ne. A gidajenmu ba a cika kiran sunan cutar ba, sai ki ji an ce "ai jifa aka yi mata" ko "nono ne ya ruɓe har Allah Ya karɓi abinsa". Ki bi diddigin irin waɗannan maganganu. Idan akwai wadda ta kamu kafin shekara 50, ko mata biyu a ɓangare ɗaya, ko sankarar ƙwan mahaifa, ko namijin da ya yi sankarar nono, ki rubuta ki kai wa likita.

Sai shekarunki. Wannan nau'in ya fi sauran kama 'yan ƙasa da shekara 40, don haka kada kowa ya sallame ki da cewa ke yarinya ce.

Daga nan ki duba abin da ke hannunki. Shayarwa tana rage haɗarin, yawan haihuwa ba tare da shayarwa ba kuma yana ƙara shi. Ƙiba kafin ɗaukewar al'ada ma tana cikin lissafi. Sai dai ragewa ba kawarwa ba ce: mai goyo ma tana kamuwa. Ajiye kuɗi a rigar mama ba ya kawo ta, bugewa a nono ma haka.

Kowane wata, kwana kaɗan bayan gama al'ada, ki tsaya gaban madubi ki ɗaga hannuwa ki duba. Sannan ki kwanta, ki bi nonon da cikin yatsunki uku a hankali har hammata da ƙasan wuya. Ƙullutu mai tauri, ko da ba ya ciwo, kan nono da ya lotsa, jini daga kan nono, fata da ta yi kaushi kamar ɓawon lemu, duk na asibiti ne cikin makon. Idan aka ba ki maganin ƙurjin nono kika shanye kumburin bai sauka ba, ki koma ki nemi a yi hoto.

Idan likita ya ce a ɗebi ɗan nama a gwada, ki yarda. Maganar "daji ba ya son ƙarfe" ta cinye watannin da mata da yawa za su iya tsira a cikinsu, kuma wannan nau'in ba ya jira. A asibitocin koyarwa irin na Aminu Kano da na Shika a Zariya ake bin irin wannan ciwo. In sakamako ya fito, ki tambaya kai tsaye: "Likita, an gwada makamar istirojin, ta furojestaron da HER2?" Amsar ce za ta nuna maganin da ya dace da ke. In duka ukun babu, da ƙarin ruwan maganin daji ake yaƙarta, sau da yawa tun kafin tiyata, kuma ta kan amsa shi sosai idan an fara da wuri. Ki karɓi kwafin takardar sakamakon ki adana, 'yan'uwanki mata da 'ya'yanki za su buƙace ta idan suka je nasu binciken.