Kurakuran da matanmu ke yi in sun shiga unguwannin ƙasar waje

Hajiyar da ta tashi daga Sakkwato zuwa Umara ko saro kaya ba ta tsayawa a harabar Harami da manyan kantuna. Araha tana can ciki: Sharar Mansur da Misfala a Makka, Bab Makka a Jidda, Naif a Dubai, Ataba a Alƙahira, Laleli da Merter a Istanbul. Galibin mutanen waɗannan wurare abincinsu suke nema. Sai dai macen da ta san kowane lungu daga Kanwuri zuwa Mabera takan manta cewa a can baƙuwa ce, baƙo kuwa ko da ido makaho ne.

Kuskuren da ya fi kowane yawa shi ne sakin jiki da duk wanda ya yi miki Hausa. Kina tsaye bakin shago da leda biyu a hannu, gumi na zuba, mai shago ya ƙi ragi, sai wani ya matso: "Hajiya, barka da hanya. Wannan farashin baƙi ne, zo in kai ki sito." Jin harshen gida kawai sai hankali ya kwanta. Siton kuwa yana hawa na uku a bayan wani gini, matakala siririya, ba mai wucewa. Da yawansu dillalai ne, la'adarsu a kan kuɗin kayanki za a ɗora ta, amma daga fuska ba ki iya bambance dillali da ɓarawo. Gyaran ba wuya. A fito miki da samfurin kaya bakin titi. In dole sai an shiga, ku shiga ku biyu ko uku, ki tura wa wani sunan shagon da hoton ƙofarsa kafin ki taka matakala. Dillalin kirki ba ya jin haushin wannan. Wanda ya ce "ke kaɗai dai, kar sauran su san wurin" ya riga ya gaya miki ko shi wane ne.

Sai fita ba sallama. Wasu saboda kishin kasuwa ba sa son abokan tafiya su san inda suke saro kaya, sai su sulale da safe. To ko mutum ɗaya ya sani, a gida ko a masauki: ina za ki, ƙarfe nawa za ki dawo. WhatsApp yana iya nuna inda kike kai tsaye na awa 1 ko awa 8, amma sai da data, don haka ki sayi layin ƙasar tun a filin jirgi. A Dubai saƙon WhatsApp yana tafiya, kira ne ba ya shiga. A China kuwa WhatsApp da taswirar Google duk ba sa aiki, WeChat ake yi. Ki karɓi katin otal mai adireshi da rubutun ƙasar, ki sa a jaka. Waya na mutuwa, kati ba ya buƙatar caji.

Ana shirya yadda za a je, ba a shirya yadda za a dawo. Unguwa ɗaya fuska biyu gare ta. A Makka da Jidda kasuwa takan cika bayan Isha'i, lokacin da layuka ke zama wayam shi ne tsakar rana bayan Azahar. A unguwannin sari na Istanbul akasin haka ne, da yamma ake jan ƙofofi, titin da ya cika da masu turin kaya ya koma na maza 'yan zaman banza. Alama mafi sauƙi: duba ko akwai matan unguwar da yara a titi. In sun watse, ke ma lokacinki ya yi.

Kar ki tsayar da mota a hanya kamar yadda ake tsayar da kabu-kabu a Runjin Sambo. Kira Uber ko Careem, ki duba lambar motar ta dace da ta waya, ki zauna baya. A Dubai tasi mai rufi ruwan hoda mata ne ke tuƙa ta, jirgin ƙasa na cikin gari kuma, a Dubai da Alƙahira, yana da taragon mata.

Zinari ki bar shi a masauki, ba biki za ki ba. Kuɗi kuma a raba su uku: na ciniki a jakar hannu, manyan a lalita ƙarƙashin abaya, ragowar a akwatin ajiyar otal. Zaro damin dala a gaban shago don biyan ɗankwali ɗaya gayyata ce. Fasfo ki ɗauki hotonsa a waya, ki yi kwafi biyu. In ya ɓace, rahoton 'yan sanda ne farko, sannan ofishin jakadancin Najeriya: akwai ƙaramin ofishi a Jidda da Dubai da Guangzhou ta China, babba a Alƙahira da Ankara ta Turkiyya.

Kunya ado ce a gida, amma in wani yana bin ki a baya, shiru shi yake so. Kar ki nufi masaukinki ya gane wurin, kar ki yanke ta lungu don sauri. Faɗa kantin magani ko shagon da mata ke ciki, ki ɗaga murya ko da Hausa ne. A ƙasar Larabawa kalmar "shurɗa", wato 'yan sanda, ta isa ta juyo da kawuna. Lambobin gaggawa: 911 a Makka da Jidda, 999 a Dubai, 122 a Masar, 112 a Turkiyya, 110 a China.

Ɗaukar bidiyon mutane don sawa a Facebook ma yana jawo rigima, a Dubai laifi ne ɗaukar hoton mutum ba da izininsa ba. Haka saƙon "taimaka ki kai wa ƙanwata a Sakkwato" daga wanda kika haɗu da shi jiya a kasuwa. In ba a kwance ƙullin a gabanki kin ga abin da ke ciki ba, kar ya shiga jakarki, don a filin jirgi sunan da ke jikin jaka ake kira.