Tafiyar minti 10 bayan tuwon dare

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Mai ciwon suga, in ka gama cin tuwon dare kada ka miƙe kan tabarma. Tashi ka taka na minti 10 zuwa 15, tun kafin a yi rabin awa.

Suga yakan kai ƙarshen hawansa a jini wajen awa ɗaya bayan cin abinci. Idan naman ƙafa na aiki a lokacin, yana zuƙe shi ko da insulin ɗin jikinka ya yi rauni.

A 2016 Jami'ar Otago ta ƙasar Niyu Zilan ta gwada mutum 41 masu ciwon suga nau'i na biyu. Tafiyar minti 10 bayan kowane abinci ta fi tafiyar rabin awa a lokaci guda rage hawan suga da kashi 12 cikin 100. Bayan abincin dare kuwa, kashi 22. Shi ne abincin da muka fi cika wa tuwon shinkafa.

Da rana, zafin Sakkwato ba na fita ba ne. Zagaya tsakar gida cikin inuwa ya wadatar.

Amma tafiya ba ta iya da lemon kwalba ko furar da aka cika wa sukari.

In kana allurar insulin ko shan ƙwayar maganin suga ta glibenclamide, riƙe dabino uku a aljihu, don suga na iya sauka da yawa. Ka ji rawar jiki da zufa, ko na'urar auna suga ta nuna ƙasa da 70 (mg/dL), tsaya ka ci.

Sa takalmi rufaffe. In akwai gyambo a ƙafa, fara ganin likita.

Auna suga awa biyu bayan lomar farko, ana so ya zama ƙasa da 180. Kuma kada ka ajiye maganinka.