Yadda ake auna hukumomin ƙasa kafin a zuba jari a cikinta

Wannan bayani domin 'yan kasuwarmu ne mazauna Jidda, Makka da Madina, waɗanda abokan hulɗarsu Larabawa kan tambaye su ko ya dace su kafa injin casar shinkafa a Kano ko su buɗe gona a Sudan, da kuma masu son yin rajistar kamfani a nan Saudiyya. Jarin da ake nufi shi ne wanda baƙo zai mallaki aƙalla kashi 10 cikin 100 na kamfani a wata ƙasa. Irin wannan dukiya ba ta kwasuwa cikin dare ɗaya, shi ya sa mai ita yake duban kotu da babban banki kafin ya dubi girman kasuwa.

Ka fara da ma'aunin shugabanci da Bankin Duniya ke fitarwa tun 1996, wanda ya shafi ƙasashe fiye da 200. Daga cikin ɓangarorinsa shida, ka fi mai da hankali ga bin doka, ingancin ƙa'idojin kasuwanci da daƙile cin hanci, kuma ka jera sakamakon shekara goma domin ka ga inda ƙasar ta dosa. Sai dai kada ka sakankance da alƙaluma, domin akasarinsu ra'ayin masana ne da 'yan kasuwa, kuma bankin da kansa ya daina fitar da rahotonsa na sauƙin kasuwanci a 2021 bayan an gano an taɓa alƙaluman wasu ƙasashe.

Tambayar da ta fi kowace nauyi a ganina ita ce: idan rigima ta taso tsakaninka da abokin tarayya, ko da gwamnati, wa zai raba ku, kuma wa zai tilasta a biya ka? Ka bincika ko ƙasar ta shiga Yarjejeniyar New York ta 1958, wadda ta wajabta wa kotuna zartar da hukuncin masu sasanci na wata ƙasa. Najeriya ta shiga a 1970, Saudiyya a 1994, Sudan kuwa sai a 2018. Sa hannu a takarda bai wadatar ba, don haka ka zauna da lauyan da ya taɓa kai irin wannan shari'a har ƙarshe, ka tambaye shi wata nawa aka ɗauka daga yanke hukunci zuwa shigar kuɗi hannu. Saudiyya ta gane muhimmancin wannan fanni, domin bayan ƙaddamar da shirinta na sauya fasalin tattalin arziki mai suna Vision 2030 a 2016 ta fitar da dokar karyewar kamfani a 2018, da dokar kotunan kasuwanci a 2020, sannan da dokar mu'amalar jama'a a 2023, wadda ta tattara hukuncin kwantiragi a rubuce yadda mai jari zai iya karantawa tun kafin ya sa hannu.

Daga nan sai maganar fitar da riba. An tsayar da riyal a kan 3.75 ga dala ɗaya tun 1986, kuma wannan yana sauƙaƙa lissafi. A Najeriya, kamfanin jiragen Emirates ya dakatar da zirga-zirga a 2022 saboda kuɗinsa sun maƙale sakamakon ƙarancin dala. Duk wanda zai kai jari can, ya shigar da shi ta banki, ya karɓi takardar shaidar shigo da jari, domin da ita ake neman izinin mayar da riba gida.

Kada yawan jarin da ya shiga wata ƙasa ya ruɗe ka, sai ka san ɓangaren da ya nufa. Sudan ta samu jari mai yawa daga kamfanonin China da Malesiya lokacin da ta fara fitar da mai a 1999, duk da takunkumin da Amurka ta ƙaƙaba mata a 1997, saboda mai neman mai yakan bi rijiya duk inda take. Da Sudan ta Kudu ta ɓalle a 2011 da kusan kashi uku cikin huɗu na man, jarin ya ja baya. Abin da ke nuna lafiyar hukumomi shi ne jarin masaƙa, sarrafa abinci da sufuri, inda mai shi yake buƙatar kwastan da ofishin filaye kowace rana.

Ga 'yan'uwa masu sana'a a nan, ina roƙonku ku guji tasattur, wato gudanar da kasuwanci da sunan ɗan ƙasa a ɓoye. Hukuncinsa yana kaiwa ɗaurin shekara biyar da tarar riyal miliyan biyar, kuma ranar da mai sunan ya juya baya, zuwa kotu tona asirin kai ne. Hanyar da doka ta sani ita ce rajista da Ma'aikatar Zuba Jari, wadda ta gaji tsohuwar hukumar zuba jari ta SAGIA a 2020, sannan a karɓi rajistar kasuwanci daga Ma'aikatar Ciniki da sunan mai dukiyar na gaskiya.