Bitamin D ga Mai Juna Biyu: Inda Aka Fi Yin Kuskure

Babban kuskure shi ne a ɗauka ranar da ke gasa mutane a Kano ko Maraɗi ta wadatar da kowa. Fata ce ke haɗa bitamin D, kuma sai hasken ya sauka a kanta kai tsaye. Matar da ke wuni a ɗaka, in fita ta kama ta rufe jiki ruf, tana iya rasa shi ko da tsakiyar bazara ne. Hasken da ya ratso gilashin taga ba ya wannan aiki, haka ranar sassafe ba ta da ƙarfin da ake nema, sannan baƙar fata ta fi farar fata buƙatar lokaci. Gyaran bai shafi suturar fita ba. A tsakar gida, inda ba idon baƙo, ta buɗe damatsa da ƙwauri kamar minti 20 zuwa 30 bayan hantsi ya dubi ludayi, sau uku ko fiye a mako, da ruwan sha a gefenta.

Abin damuwar shi ne ɗan tayi ba shi da inda zai samu sai jinin uwarsa. In nata ya yi ƙasa, nasa ma haka za a haife shi. Sinadarin kalsiyam mai gina ƙashi na iya faɗuwa a jininsa har ya yi jijjiga a makonnin farko, ƙashin kai ya yi laushi, maɗiga ta jinkirta rufewa, daga baya ƙafafu su gwame. Ita kuwa uwar, ciwon ƙugu da na baya ne, sai ta dafa bango kafin ta tashi daga tabarma, a gida a ce mata ai nauyin ciki ne. Irin wannan a faɗa wa ma'aikaciyar awo. Gwajin jini mai suna 25-OH D ne ke raba gardama, kuma likitoci da dama na ɗaukar ƙasa da 20 ng/mL a matsayin ƙaranci.

Wasu kuma sukan zarce. Buƙatar mai ciki a rana IU 400 zuwa 600 ce (IU ma'auni ne da ake auna bitamin da shi). In gwaji ya nuna ƙaranci, likita kan ba da 1,000 zuwa 2,000, kuma ba a wuce 4,000 sai da umarninsa. Ƙwayar nan mai IU 50,000 da ake samu a kyamis ba ta kullum ba ce. Bitamin D taruwa yake a kitsen jiki, in ya yi yawa sai amai, ƙishirwa, yawan fitsari, har tsakuwar ƙoda. A sha shi tare da abinci mai maiƙo don hanji ya zuƙe shi sosai. Man hantar kifi kuwa a bar shi sam, domin bitamin A da ke cikinsa na iya nakasa ɗan tayi. Kifin titus, sadin da gwaiduwar ƙwai suna taimakawa, amma ƙwai ɗaya bai wuce IU 40 ko kusa da haka ba.

Akwai abin da ake mantawa: bitamin D buɗe wa kalsiyam hanya kawai yake yi. Binciken da aka yi a Jos, aka wallafa a 1999, ya nuna yaran da ƙasusuwansu suka lanƙwashe sun fi warkewa da kalsiyam a kan bitamin D shi kaɗai. Tuwo da kunu ba su da shi da yawa, don haka a haɗa da nonon da aka dafa, zogale da ƙananan kifi da ake ci da ƙaya. In an ba da ƙwayar kalsiyam a asibiti, a raba ta da maganin ƙarin jini da awa biyu, saboda tana hana shi shiga jiki.

Bayan haihuwa mai jego kan yi arba'in a ɗaki, nonon uwa kuma bitamin D ɗinsa kaɗan ne. Likitocin yara a ƙasashe da dama na ba jariri mai shan nono ɗigon IU 400 kullum. A tambayi wannan tun ranar rigakafin farko.