Kafin ku sayi ƙwayoyin "wanke huhu", ku karanta wannan

'Yan uwa, idan kuna zaune inda hayaƙin motoci ya yi yawa, ga wata dabara mai araha.
Ku yanka kabeji ko burokoli ƙanana-ƙanana, ku ajiye shi kamar minti 40 kafin ya hau wuta.

Me ya sa?
Ƙurar hayaƙi da ake kira PM2.5 tana kutsawa can ƙuryar huhu, ta tayar da kumburi. Sinadarin salforafen, wanda ake samu daga kabeji da burokoli, yana zaburar da jiki ya yaƙi irin wannan gubar.
Amma babu shi a ganyen da ba a yanka ba. Sai wuƙa ta ratsa ganyen, abubuwa biyu da ke rabe su haɗu, sannan ya samu. Zafi kuwa yana kashe ɗayansu, shi ya sa jiran yake da muhimmanci.

A gwajin da aka yi a Qidong ta ƙasar Sin, aka wallafa a 2014, waɗanda suka sha ruwan tsiron burokoli sun fitar da benzin, wata guba da ke cikin hayaƙin motoci, ta fitsari fiye da sauran da kashi 61 cikin 100.

Inda ba ta aiki:
In kun tafasa shi har ya yi laushi tiɓis, kun yi asara. Turarawa kaɗan ta isa.
Burokolin da aka daskarar ma an riga an ɗan dafa shi, jira ba zai amfane shi ba.

Mai asma, don Allah kada ka ajiye maganinka na shaƙa saboda wannan. An gwada a kan masu asma, numfashinsu bai gyaru ba. Ranar da hayaƙi ya turnuƙe, rufe taga ka sa takunkumin N95.